Ɓaunar Indiya da Saniyar Jega: Yadda Haihuwa Ke Kawo Nono

Duk lokacin da na faɗa wa ɗalibai a aji cewa akwai ƙasashen da ake tatsar ɓauna safe da yamma kamar yadda ake tatsar saniya, sai in ga sun dubi juna suna murmushi. Ba laifinsu ba ne. Ɓaunar da Bahaushe ya sani ita ce ta dawa, wadda maharba ke shakka, wadda ake zuwa kallo a gandun dajin Yankari ta Jihar Bauci. Wannan kam ba a taɓa mayar da ita dabbar gida ba. Amma tana da 'yar'uwa a nahiyar Asiya, ita ce ɓaunar ruwa, wadda mutane suka sabar da zaman gida kimanin shekara 5,000 da suka wuce, a yankin da yau ake kira Indiya da Pakistan. A ƙidayar dabbobi ta 2019 an sami ɓauna sama da miliyan 109 a Indiya kaɗai, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na nonon da ƙasar ke samarwa daga jikinta yake fitowa. A nan Afirka kuwa, Masar ce ke kiwonta da yawa a gaɓar kogin Nilu. Nononta ya fi na saniya kauri, domin man da ke cikinsa yakan kai kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, na saniya kuwa 3 zuwa 5.

Mai karatu na iya tambaya, to mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama ina ruwanmu da dabbar da ba mu da ita? Amsar ita ce, matsalar da ta fi damun mai kiwon ɓauna a Indiya ita ce dai ta fi damun mai garken Gudali ko Rahaji ko Bunaji a nan, wato jinkirin ɗaukar ciki. Su sun daɗe suna nazarin wannan matsala domin abincinsu ya dogara a kanta, saboda haka akwai abin da za mu ɗauka daga wurinsu.

Lissafin da ya kamata kowa ya fara yi

Saniya ba ta ba da nono sai ta haihu, kuma nonon yakan ƙaru a watanni biyu na farko, sannan ya dinga raguwa har ya ƙafe. Wannan kowa ya sani, amma ba kowa ke bin lissafinsa zuwa ƙarshe ba. A shekarun 1980 masu bincike na cibiyar nazarin dabbobin Afirka, wadda ake taƙaita sunanta da ILCA, sun bi garkunan Fulani a yankin Kaciya ta Jihar Kaduna. Sun tarar karsana kan kai kimanin shekara biyar kafin ta yi haihuwar fari, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa akan sami wajen shekara biyu. Mu ɗauki saniya irin wannan mu bi ta har ta cika shekara 13. Za ta haihu tana da wata 60, da 84, da 108, da 132, da 156, wato maruƙa biyar ke nan. Idan kuwa ta fara tana da wata 42, ta ci gaba da haihuwa duk bayan wata 14, to a cikin waɗannan shekarun za ta haifi tara. Saniyar ɗaya ce, ba a canza mata jini ba, amma an kusa ninka maruƙanta da kwanakin tatsarta. Matar da ke ɗauko ƙwarya daga ruga ta shigo kasuwar Jega da kindirmo da man shanu, ita ce ta fi kowa sanin bambancin da ke tsakanin biyar da tara.

Cikin saniya irin tamu mai tozo yana ɗaukar kimanin kwana 285. Shekara kwana 365 ce. Idan ana so ta haihu kowace shekara, ke nan kwana 80 kawai ya rage tsakanin haihuwa da sabon ciki, kuma a cikinsu mahaifa na bukatar wata ɗaya zuwa kwana 45 ta koma yadda take. Cikin ɓauna ya fi tsawo, kimanin kwana 310, shi ya sa masu kiwonta ke ganin sun yi nasara idan ta haihu duk bayan wata 13 ko 14.

Abin da ke faruwa a ciki

Saniya tana da gidan ƙwai biyu, dama da hagu, kowanne bai fi girman ƙaramin goro ba. A jikinsu wata 'yar jaka mai ruwa kan taso kamar bororo, da ƙwai guda a cikinta wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Yayin da jakar ke girma, tana fitar da wani sinadari, irin waɗanda ake kira homon, mai suna istirojin. Shi ne ke bin jini ya sa saniya ta shiga neman bijimi: ta ƙi natsuwa, ta riƙa kuka, ta rage cin abinci, majina mai haske kamar farin ƙwai ta riƙa zubowa daga gabanta. Alamar da ta fi kowace tabbas ita ce ta tsaya cik idan wata saniya ko bijimi ya hau ta. Daga nan wani ɗan ƙullutu da ke gindin ƙwaƙwalwa ya saki nasa sinadarin, jakar ta fashe, ƙwan ya faɗa cikin bututun da ke kaiwa mahaifa. Wannan yakan faru ne kimanin awa 10 zuwa 12 bayan saniyar ta daina tsayawa.

A gurbin jakar da ta fashe sai wata tsoka rawaya ta tsiro, tana fitar da homon na biyu, furojestaron, wanda aikinsa shi ne ya kwantar da mahaifa ya hana wani ƙwai fita. Idan ciki ya shiga, tsokar za ta zauna har haihuwa. Idan bai shiga ba, wajen kwana na 16 ko 17 mahaifa za ta saki furostagilandin ya narkar da ita, a sake sabon zagaye. Zagayen nan kwana 21 ne, ko da yake yana iya zuwa daga 18 zuwa 24, kuma haka yake ga saniya da ɓauna. Duk zagayen da ya wuce ba a yi barbara ba, an yi asarar mako uku. A bar uku su wuce, an rasa wata biyu.

A nan ne ɓauna ta yi ƙaurin suna. Sau da yawa takan fitar da ƙwai ba tare da ta nuna wata alama a fili ba. Matanta ba su cika hawan juna ba, ɗan abin da za ta nuna ma sai dare ya raba ko da asuba. A lokacin zafi abin ya fi muni, saboda fatarta baƙa ce, gashinta kaɗan ne, kuma kafofin zufarta ba su kai na saniya yawa ba ko kusa. A arewacin Indiya mafi yawansu kan ɗauki ciki ne daga Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin da yini ke gajarta, gari ya yi sanyi. Don haka makiyayan can suka koyi kai ta tafki ta kwanta da tsakar rana, ko su watsa mata ruwa, su yi mata rumfa, su zagaya garke da sassafe da kuma bayan magariba suna dubawa. Manyan gidajen gona har sukan ajiye namijin da likita ya ɗaure wa hanyar maniyyi, ya riƙa nuna musu wadda ke nema ba tare da ya yi mata ciki ba.

Shanunmu masu tozo suna da kaso na wannan hali. Tsayuwarsu ga bijimi gajeriya ce, wani lokaci ba ta wuce awa goma ba, kuma da yawa da dare suke yi. Muddin bijimi na kwana cikin garke, shi ba ya kuskure, hancinsa na gaya masa. Matsalar tana ga mai saniya ɗaya ko biyu a bayan gida, irin kiwon da ya yawaita a cikin garuruwanmu, wanda sai ya ga alama zai je aron bijimi.

Yunwar bazara

A ganina babban abin da ke hana shanunmu haihuwa a kan kari shi ne yunwa. Mu bi shekara mu gani. Ruwa kan sauka a wannan yanki wajen Mayu ko Yuni. Zuwa Yuli da Agusta ciyawa ta wadata, shanu sun murmure, sai su nemi bijimi su ɗauki ciki. Wata tara da 'yan kwanaki ya kai mu Afrilu ko Mayu, wato tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, karan gona ya ƙare, fadamar gulbin Zamfara da a da ake sauka a cikinta kuma ta cika da shinkafa da albasa da tattasai. Saniya ta haihu a rame, ga maraƙi na tsotso, ga mai ita na tatsa. Jikinta sai ya zaɓi abin da ya fi gaggawa, ya ba nono abin da ya samu, ya dakatar da aikin gidan ƙwai. Ƙwaƙwalwa ce ke rage sakin homon ɗin da ke tayar da ƙwai idan ta ji kitsen jiki ya yi ƙasa. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin ta farfaɗo damina ta kusa wucewa, rani ya sake shigowa, sai ta jira wata daminar. Ga inda shekara biyun nan ta fito.

Tsotson maraƙi ma yana ƙara jinkirin, domin shi kansa yana danne waɗannan homon. Saniya mai tozo, kamar ɓauna, ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta, saboda haka ba a iya raba su gaba ɗaya kamar yadda ake yi wa shanun Turai. Abin da ake iya yi shi ne a taƙaita tsotson zuwa safe da yamma idan maraƙi ya kai wata biyu ya fara cin ciyawa.

Maganin yunwar kuwa ba ya bukatar a je nesa. Harawar wake da ta gyaɗa, da kowa, da dusa, da anguryar auduga, da 'ya'yan gawo, duk abinci ne masu gina jiki. Kuskuren da ake yi shi ne a raba ɗan abin da ake da shi ga garke duka, ko a ba sa mai ƙiba don kasuwar Sallah. Waɗanda suka fi cancanta su ne masu tsohon ciki a wata biyun ƙarshe, da masu sabuwar haihuwa a wata ukun farko, sai karsanoni masu tasowa, domin nauyin jiki ne ke sa karsana ta balaga, ba yawan shekaru kaɗai ba. A haɗa musu da gishiri da kanwa da ruwan sha isasshe. Akwai kuma wata dabara da aka daɗe ana koya wa manoma a Indiya da Bangaladash, wadda ta dace da jihar da ke noma shinkafa kamar Kabi. Karan shinkafar da ake ƙonawa bayan girbi, idan aka narka kilo 4 na takin yuriya a ruwa kimanin lita 60 aka yayyafa wa kilo 100 na karan, aka danne aka rufe da leda mako uku, yakan yi laushi ya ƙara amfani a cikin tumbin dabba. Sai an baza shi ya sha iska kafin a bayar, ba a kuma ba ƙananan maruƙa. A kula ƙwarai: yuriya tsurarta guba ce, tana kashe saniya cikin ɗan lokaci, don haka wanda bai taɓa yi ba ya nemi malamin gona ya tsaya a kansa.

Wane bijimi?

Saniya ɗaya takan bar maruƙa goma in ta yi yawa, amma bijimi ɗaya na iya barin ɗari. Ke nan zaɓensa ya fi zaɓen kowace saniya muhimmanci. Makiyayanmu sun iya duban ƙira da launi da ƙaho, kuma dattawansu sukan tuna uwar kowane sa da kakarsa. Ga mai neman nono, wannan tunawar ita ce abin riƙewa, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: a bar ɗan saniyar da ta fi nono, ta kuma fi saurin ɗaukar ciki, a dandaƙe sauran. Bijimi lafiyayye ya ishi shanu 25 zuwa 30. Kada ya wuce shekara uku ko huɗu a garke ɗaya, don kada ya soma hawan 'ya'yansa, abin da ke kawo raunin maruƙa da ƙarancin haihuwa. Musaya da maƙwabci ta wadatar. Wani abin da ba a cika sani ba shi ne, ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin wata biyu kafin ta ƙosa, kuma zafi na lalata ta. Bijimin da ya yi zazzaɓi mai tsanani yau, yana iya yin wata biyu yana hawa ba ciki, alhali ana ɗora wa shanu laifi.

Indiyawa sun ɗauki wannan zaɓe suka mai da shi aikin hukuma. Ba su da wata ɓaunar Turai da za su sayo ta fi tasu, don haka dole suka gyara ta gida. Irin da ake kira Murra, na jihar Haryana, da Nili-Rabi na yankin Punjab, su ne suka yi fice, kuma Murra mai kyau takan ba da wajen lita 2,000 a goyo ɗaya. A 1985 aka kafa cibiya ta musamman don binciken ɓauna a garin Hisar. Hanyar da suke bi ita ce a gwada namiji ta 'ya'yansa: a yi amfani da maniyyinsa a garkuna dabam-dabam, a jira 'ya'yansa mata su girma su haihu, a auna nononsu a rubuta, sannan a san ko ya cancanci a yaɗa irinsa. Aikin shekara bakwai ko takwas ne a kan namiji ɗaya, kuma ba ya yiwuwa sai da rubutu.

Mu a nan mun fi karkata ga haɗa jini da shanun waje. Gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya, wadda aka buɗe a 1928 ta kuma zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1976, ta daɗe tana haɗa Bunaji da Firishiyan, wato shanun nan masu baƙi da fari 'yan asalin Holan. 'Ya'yan farko, masu rabin jini, sukan fi uwayensu nono nesa ba kusa ba, su kuma balaga da wuri. Amma abin da aka gani a ƙasashe masu zafi da dama shi ne, idan jinin waje ya wuce rabi da yawa sai juriya ta ragu. Saniyar Firishiyan tana fara jin jiki tun zafi na wajen digiri 25, to ina ga bazarar Maiyama? Ga kaska, ga sammore, ga tafiyar kiwo. Ruwa-biyu ta dace da wanda zai ɗaure ta a inuwa ya kawo mata abinci da magani. Wanda ba zai iya ba, Gudalinsa da aka zaɓa da kyau ta fi masa. Ɗalibai sukan tambaye ni ko za a iya haɗa ɓauna da saniya. Ba ya yiwuwa: saniya tana da zaren gado, wato kuromosom, guda 60, ɓaunar tatsa kuwa 50, kuma ba a taɓa samun ɗa rayayye tsakaninsu ba.

Ɗurin maniyyi

Hanyar da ta sa namiji ɗaya ke iya haifar dubbai ita ce a karɓi maniyyinsa, a tsinka shi, a raba a 'yan siraran bututai, a daskarar. A 1949 ne Christopher Polge da abokan aikinsa a Ingila suka gano cewa sinadarin gilisarol na kare ƙwayoyin maniyyi daga mutuwa idan an daskarar da su. Yanzu ana ajiye su shekaru a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Idan saniya ta nema, ƙwararre ya narkar da bututu ɗaya a ruwan ɗumi, ya zura ta bakin mahaifa. Ƙa'idar lokaci mai sauƙi ce: wadda aka ga ta tsaya da safe a yi mata da yamma, wadda aka gani da yamma a yi mata washegari da safe. Dalili shi ne ƙwai ba ya wuce 'yan awoyi da ƙarfinsa bayan ya fito, maniyyi kuwa yana bukatar wajen awa shida a cikin mahaifa kafin ya iya shigarsa.

Saboda wuyar gane lokacin, a 1995 masu bincike a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka suka fito da tsarin allurai uku: homon mai tayar da ƙwai a ranar farko, furostagilandin bayan kwana bakwai, homon na farko kuma bayan kwana biyu, sannan a yi ɗurin bayan kimanin awa 16 ko an ga alama ko ba a gani ba. An yi amfani da tsarin sosai a kan ɓauna. Amma allura ba ta maye gurbin abinci, ramammiyar saniya ba ta cika amsawa ba. Haka kuma furostagilandin na zubar da ciki idan aka yi wa mai ƙaramin ciki da ba a sani ba, don haka aikin likitan dabbobi ne, ba na mai tallan magani a kasuwa ba. Na taɓa ziyartar wata gona da aka yi wa shanu sama da ashirin ɗuri ba wadda ta ɗauka. Da muka leƙa tulun ajiyar, ashe naitirojin ya ƙafe tun makonni, maniyyin duk ya mutu. A wurin da sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin a cika tulu, wannan ne abin da za a fara tanada kafin a yi maganar irin bijimi. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, wadda ke da gonar koyarwa da bincike a Jega, wuri ne da ya dace a ce irin wannan aiki ya zauna, a kuma fara rubuta nonon Gudalin yankin don a san zakarun cikinsu.

Bakkale

Idan shanu suka riƙa ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mabiyiya ta riƙa maƙalewa, gwiwoyi na kumbura, to a yi zargin cutar da makiyaya ke kira bakkale. Wata ƙwayar bakteriya ce ke kawo ta, wadda likitan dabbobi Bernhard Bang na ƙasar Denmak ya gano a shanu a 1897. Tana yaɗuwa idan shanu suka lashi abin da aka ɓarar ko suka ci ciyawar da ruwan haihuwa ya zuba a kai. Tana kuma kama mutum ta hanyar ɗanyen nono ko taɓa ɓarin da hannu, ta sa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, wanda sau da yawa akan ɗauka na cizon sauro ne. A binne ɓari da zurfi, a sa leda a hannu, a ware saniyar, a tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da kindirmo. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom tana yin allurar riga-kafinta, wadda ake yi wa 'yan maruƙa mata suna da wata huɗu zuwa takwas.

Aiki ga ɗalibai

Malamin kimiyyar noma ko na halittu na iya ba ɗalibansa wannan aiki na shekara guda. Kowane ɗalibi ya sami saniya ɗaya zuwa biyar, ta gidansu ko ta wata ruga da ke kusa, bayan ya nemi izinin mai ita. Ya ware wa kowace shafi a littafi, ya rubuta sunanta, da ranar haihuwarta ta ƙarshe, da ranar da aka ga tana nema, da ranar da bijimi ya hau ta, da yawan nonon da aka tatsa sau ɗaya a mako, ko da ludayi ko kwalba aka auna. Alal misali, idan an yi barbara ranar 1 ga Agusta, a sa mata ido daga 19 zuwa 25 ga watan. Idan ta sake nema, cikin bai shiga ba. Idan ba ta nema ba, bayan wata biyu likitan dabbobi na iya tabbatarwa da hannu, abin da zai kuma hana a sayar wa mahauta saniya mai ciki ba a sani ba. Haihuwarta za ta zo wajen 13 ga Mayu, saboda haka harawar da za ta ci daga tsakiyar Maris sai a ɗaure ta a kan rumfa tun watan Nuwamba.